Katako Mai Rai

Duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ƙofar masallacin Tungar Marke, ko ya jingina da teburin wani mahauci a kasuwar Moriki, to ya taɓa aikin Armiya'u Kafinta ko da bai san fuskarsa ba. Ba ya rubuta suna a jikin aikinsa. Shaidarsa a bakin katako take. Ka shafa gefen da tafin hannu, in ka ji ya mulmule sumul kamar bakin ƙwarya, babu kaifin da zai kama maka riga ko ya yanki ƙaurin yaro, to daga rumfarsa ya fito.

A nan Tungar Marke aka haife shi, ƙauye ne ɗan ƙarami a gefen hanyar Moriki, gero da dawa su ne arzikinsa. Ubansa manomi ne na ji da gani, amma shi Armiya'u, Allah na tuba, in ya yi kunya ɗaya sai ka rantse maciji ne ya bi wurin. Abin da ya iya kawai shi ne ya zauna a gindin itace yana sassaƙa ƙotar fartanyar da ya kamata a ce yana noma da ita. Da uban ya gaji da faɗa sai ya kai shi Kaura Namoda, ya danƙa shi hannun wani tsohon kafinta mai suna Bilyaminu, can kusa da tashar jirgin ƙasa.

A wurin Malam Bilyaminu ya samo kalmar da ta rayar da shi shekara talatin, ta kuma zo ta tashe shi daga garinsu a yini biyu. Tsohon yana da wata magana tasa. A wurinsa duk katakon da zarto ya bari da kaifi a gefe, wannan katako yana da rai, domin yana cizo. Sai an bi gefen da filen, wato abin goge katako, an bi da magagari, an gama da samfefa har ya mulmule, sannan a ce an kashe shi. Ba kwalliya ba ce. Katakon da zai zauna a waje, ruwa ya doke shi rana ta gasa shi, daga kaifin gefen yake fara tsagewa, daga nan sartse yake tashi ya shige ƙafar mai tafiya ba takalmi. Wanda aka kashe kuwa ruwa gangarewa yake yi ya bar shi.

A satinsa na uku aka ba Armiya'u benci ya kai wa wani mai shayi. Garin sauri ya kai shi da gefe ɗaya ba a kashe ba. Malam Bilyaminu bai zage shi ba, bai kuma dake shi ba. Cewa ya yi ya koma ya ɗauko bencin a ka, mutane suna zaune a kai suna karyawa, ya ba su haƙuri su tashi. Ya ɗauko shi tun daga bakin kasuwa ana yi masa dariya. Da ya sauke, tsohon ya miƙa masa filen ya ce, "Nan wurin, katako ba shi hita da rai." Armiya'u bai sake buƙatar a faɗa masa ba.

Bayan shekara bakwai ya komo gida da akwatin kayan aiki, ya kafa rumfa a gindin marken da garin ya ci sunansa, ya auri Uwani. Mace ce mai baki, amma mai riƙon gida. Tun tana amarya ta ɗauki maganar mijinta ta mayar abin tsokana. In ya shigo da yamma, garin katako har cikin gemu, sai ta ajiye masa ruwa ta ce, "Sannu da yaƙi, Malam. Yau nawa ka kashe?" Shi kuma ya ce uku, ko ya ce yau sun fi ƙarfinsa. 'Yarsu Nusaiba da wannan ta tashi, har ta yi aure ta haihu ba ta taɓa jin wani abu a cikin maganar ba in ban da katako.

Gari duk ya san halinsa. Ka zo da gaggawa, ka yi magiya, ka yi fushi, ka ce amarya gobe za ta tare, shi dai ba zai sakar maka katako mai rai ba. Har makarar garin da ya yi da madaci, sai da ya kwana uku yana kashe hannuwanta. Aka ce masa, haba Armiya'u, wanda za a ɗora a kai ai ba ya jin kaifi. Ya ce masu ɗauka suna da kafaɗa.

Babu wanda ya san wannan hali kamar Mahmuda. Bafulatani ne da ke zaune a ruga, hayin kwazazzabon da ya ratsa gabashin garin. Shi yake nuna wa Armiya'u inda iska ta kayar da kirya ko madaci a daji, lokacin da daji yake na kowa. Armiya'u ya yi masa kwamin shayar da maruƙa da kujerun tsakar gida, shi kuma duk kaka sai ƙwaryar man shanu ta iso hannun Uwani. Wata shekara Mahmuda ya gaji da jiran wani katako na kirya, ya faki ido ya saɓa shi a kafaɗa ya nufi ruga. Armiya'u ya bi shi da gudu, filen a hannu, ya cim masa a bakin kwazazzabo, ya zaunar da shi a ƙasa ya kashe katakon a gabansa yana haki. Shekara ashirin suna ba da wannan labari, kowa da irin ƙarin gishirinsa.

Sai zamani ya juya. Daji ya rufe, 'yan bindiga suka mai da shi gidansu. Wanda ya shiga neman itace ba lallai ya fito ba. Armiya'u ya koma sayen katakon loko da ake kawowa daga kudu zuwa Kaura, mai nauyi, mai jure ruwa, gara ba ta cika damunsa ba. Shanun Mahmuda ma ba su tsira ba, an kore masa fiye da rabi a rana ɗaya, waɗanda suka kore su kuma da harshensa suke magana. Ya zama a daji ana ce masa ɗan gari, a gari ana kallonsa ɗan daji.

Garin ma ya canza fuska. Mutanen ƙauyukan da aka ƙone ta wajen Shinkafi suka kwararo, suka cika makarantar firamare da zaurukan mutane. A cikinsu samari suka haɗa 'yan sintiri da bindigogin toka, shugabansu wani dogo mai suna Saminu, wanda ya binne uwarsa da matarsa kafin ya baro garinsu. Ba zan ce mugu ne ba. Mutum ne da aka ƙwace wa komai sai ƙane ɗaya, Haidar. Tare da su wata kalma ta shigo gari, infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari. Wanda aka liƙa wa ita ba ya samun lokacin wanke kansa.

A farkon damina Mahmuda ya zo da buƙata. Guntun giginyar da ake takawa a ƙetare kwazazzabon ya ruɓe, ga 'yarsa da tsohon ciki, in ruwa ya cika babu hanyar kai ta wurin unguwarzoma. Yana son 'yar gada ta katako goma. Armiya'u ya sayo loko goma daga Kaura, ya jingina su a rumfa. Gada ce da mata da yara za su taka ba takalmi, don haka ya ce ko da wata zai ɗauka sai ya kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ya gama shida.

Ran Talata da hantsi, ana tsakiyar noman farko, babura suka fito daga yamma suka buɗe wuta a gonaki. Mutum biyar suka faɗi nan take. Makarar madacin nan ta je maƙabarta sau biyar kafin magariba. Haidar ƙanen Saminu ya samu harsashi a ciki, aka nemi mota aka nufi Kaura da shi. Da safiyar Laraba labari ya iso wa 'yan sintiri cewa ya cika a hanya. Armiya'u bai ji ba. Shi biyar ya sani, su kuma shida suke ƙirgawa.

Ya fito rumfa ne don ba ya iya zama da hannu haka nan in zuciya ta yi nauyi. Bai ko ɗauki filen ba wayarsa ta yi ƙara. Mahmuda ne, ya hau tudu ya samu sabis, yana ta'aziyya. Armiya'u ya amsa gaisuwar da 'yar Fillancin da ya tsinta a shekara talatin, ya ce jam tan, lafiya lau. Sannan Mahmuda ya tambayi aiki, don mutum ya samu abin faɗa wanda ba mutuwa ba. Harshe kuwa ba ya neman izini kafin ya bi hanyar da ya saba.

"Shidda na kashe," in ji Armiya'u. "Huɗu na nan da rai, su ma ina gamawa da su in Allah ya so."

Yana shirin cewa kada Mahmuda ya kuskura ya tako gari a wannan makon, sai sabis ya ɗauke. Ya ɗaga kai. A teburin mai shayi, taku biyar daga rumfar, 'yan sintiri biyu sun ajiye kofunansu suna kallonsa. Baƙi ne, watansu huɗu a garin. Ba su taɓa sayen ko kujera a wurinsa ba.

Kafin ya buɗe baki gindin bindiga ya sauka a ƙeyarsa. Suka ja shi a ƙasa har ƙofar mai gari, rigarsa ta yage, hularsa ta faɗi a hanya ba wanda ya ɗauka. Kan a ce kwabo fili ya cika, 'yan sintirin nan biyu suna ihu. "Infoma na! Da kunnenmu munka ji, da Hillanci yah hwara!" Armiya'u yana duban fuskoki, mutanen da suka zauna a kan bencinsa tun suna yara, waɗanda ya hana wa katako har suka yi fushi suka huce. Kowannensu ya san abin da kashewa take nufi a bakinsa. Kowannensu kuma ya sami abin kallo a ƙasa. Tsoro ne, ba ƙiyayya ba, domin wanda ya kare infoma shi ma ya zama. Uwani ce kawai ta keto taron, ba mayafi, tana ihu, "Katako na! Wallahi katako shika nuhi!" Wani ya ture ta gefe.

Saminu ya iso daga tarbar gawar ƙanensa, idanunsa kamar gauta. Ya tsaya a kan Armiya'u. Armiya'u ya ji fitsari yana neman kuɓuce masa. Ya ɗaga hannu biyu ya dubi mai gari, tsohon da shi Armiya'u ya yi wasan ƙasa da ƙanensa.

"Ranka shi daɗe, a kai ni rumhwa. In ba a ga abin da nic ce ba, a yanka ni nan wurin."

Mai gari ya dubi Saminu kamar mai neman alfarma. Aka tasa shi gaba, taron yana biye. A rumfar katako goma suna jingine, shida a dama, huɗu a hagu. Armiya'u ya kama hannun Saminu, hannun da ke riƙe da bindiga ɗazu, ya ɗora shi a gefen ɗaya daga cikin huɗun.

"Shahwa a hankali, ɗana, shina cizo. Wanga shi na mai rai."

Sannan ya mayar da hannun kan ɗaya daga cikin shidan. "Wanga na kashe shi."

Saminu ya shafa, ya sake shafawa. Jiya sau biyar ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara, ya san wannan santsin. Ya daɗe a tsaye. Armiya'u ya fara jin numfashi yana komo masa, har Uwani ta soma hamdala a bayan mutane.

"Na ji ta katako," in ji Saminu. "Wa ag ga waya?"

Armiya'u ya ce abokinsa ne, mai katakon, mutumin kirki da kowa ya sani.

"Bahillace?"

"Shi ma an kore mai shanu, ɗana. Tambayi kowa."

"To, kira shi. Ce mai shi taho gobe da hantsi shi ɗau kayanai, mu yi mai tambayoyi. In yaz zo, ka wanku. In bai zo ba, kai ka hwaɗa mai, kuma kun zama ɗaya."

Babu wanda ke wurin da bai san ma'anar tambayoyin nan ba. A wannan makon, da gawa shida a ƙasa, Bafulatanin da ya shiga hannun samarin nan ba zai koma ruga da ƙafarsa ba, ko da shi ne limamin duniya. Armiya'u ya dubi Uwani. Ya tuna Nusaiba da 'ya'yanta biyu a bayan masallaci, ya tuna kabarin ubansa, da marken nan da ya yi shekara ashirin da uku a inuwarsa. Kalma ɗaya zai faɗa, taho, duk waɗannan su zauna masa. Mahmuda kuma zai taho, domin tun da suke Armiya'u bai taɓa kiransa a banza ba.

Aka miƙa masa wayar, aka buɗe murya kowa yana ji. Saminu ya ce da Hausa zalla, in ya sa Fillanci ko ɗaya a bakin ransa. Armiya'u ya yi addu'a a zuci kada ta shiga. Ta shiga a bugu na biyu.

"Kahinta, ɗazu sabis yak katse mu."

"Mahmuda." Armiya'u ya matso da wayar bakinsa. "Ka taho gobe da hantsi ka kwashe katakonka. Huɗun nan ba ni kashe su. Ka ɗauke su hakanan da ransu."

Aka jiyo kukan ɗan maraƙi daga can.

"Da ransu, Kahinta?"

"Da ransu."

"To," in ji Mahmuda a hankali. "Allah shi kai mu."

Saminu ya karɓe wayar ya sa a aljihu, ya gamsu. Shi dai ya ji an ce taho. Amma mai gari ya ji abin da aka faɗa, liman ya ji, mahaucin da aka taɓa hana wa tebur kwana tara ya ji. Armiya'u Kafinta ya ce a ɗauki katako da rai daga rumfarsa. Ko mahaukaci a Tungar Marke ya san wannan ba magana ba ce, ihu ne. Ba wanda ya motsa, ba wanda ya dubi wani. Wannan karon shirun nasu ya yi amfani. Uwani kuwa zama ta yi daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka, domin ta gane mijinta ya sayar da gidansu yanzun nan a gabanta.

Aka kulle shi a zauren mai gari. Da gari ya waye ran Alhamis aka fito da shi aka zaunar a rumfarsa, a kan guntun kirya, don mai zuwa ya hango shi ya saki jiki. 'Yan sintiri suka ɓuya a bayan danga da cikin shagon mai shayi.

Wannan yinin shi ne mafi tsawo a rayuwarsa. Daga rumfar ana hango hanyar da ta gangara kwazazzabo. Idan Mahmuda ya ɓullo, Armiya'u ya tsira kuma ya kashe abokinsa. Idan bai ɓullo ba, Allah kaɗai ya san abin da Saminu zai yi kafin magariba. Ya rasa wacce zai roƙa. Bakinsa yana cewa ya Allah ka hana shi, ransa kuma yana tsoron a karɓi addu'ar. Wajen hantsi wani farin abu ya motsa a bakin kwarin, zuciyarsa ta tsinke, ashe tunkiya ce. Can kuma wani mai malafa ya taho yana dogara sanda, tafiyarsa sak ta Mahmuda. Armiya'u ya miƙe bai sani ba, ya buɗe baki zai yi ihu ya ce koma, sai mutumin ya juya ya shiga gonarsa. Armiya'u ya koma ya zauna.

Sannan wani tunani ya shige shi wanda ya fi duka muni. In fa Mahmuda bai gane ba? In ya ɗauka tsufa ne ya kama kafinta, ko tashin hankalin garin ya sa shi sakaci? Shekara ashirin da labarin bakin kwazazzabo, wataƙila a wurin Mahmuda abin dariya ne kawai. Armiya'u ya yi ta maimaita muryar a kansa, da ransu Kahinta, yana juya ta yana neman inda ganewa take a ciki. Wani lokaci ya ji ta, wani lokaci ya rasa.

Uwani ta kawo masa kunu da azahar, bai iya haɗiya ba. Ta durƙusa kamar mai gyara kwano ta ce ƙasa-ƙasa, "Malam, ka kashe mu." Ba ta ma lura da kalmar da ta fito mata ba. Shi kuwa ya lura.

Aka kira la'asar hanya tana nan fayau. Saminu ya fito daga bayan danga ya tsaya a gabansa, ya ɗaga bindiga. Armiya'u ya rufe ido ya kama kalmar shahada. Sai ya ji muryar mai gari, tana rawa, amma tana fita.

"Saminu, an yi ruwa gabas, kwari ya cika. Ba gada, ta ina shika biyowa? Gadar ga ta nan jingine."

Ƙarya ce tsagwaronta, ko ɗigo ba a yi ba tun Lahadi. Liman ya ce shi ma ya ga hadari ta can. Mahauci ya ce ƙwarai. Tsofaffin da suka kasa buɗe baki jiya suka yi ta shaidar ruwan da ba a yi ba, ɗaya bayan ɗaya. Saminu ya dube su, ya san ƙarya suke yi, bai dai san dalili ba. Ya dubi katakon shida, ya dubi tafin hannunsa. Jiya da la'asar a kan makarar mutumin nan ya ɗauki Haidar.

"Kar rana ta hwaɗi shina garin ga," ya ce. "In na sake ganinai, ba mai roƙona."

Uwani ta ɗaure abin da ya ɗauru a zani biyu. Nusaiba tana kuka, mijinta ya hana ta rakiya, kuma ba a ga laifinsa ba. Armiya'u ya zo rumfa ɗaukar akwatin kayan aiki. Katakon nan huɗu suna jingine a hagu, gefensu yana ƙyalli a hasken yamma. Sa'a ɗaya da rabi ta ishe shi ya rage musu kaifi. Ya san wani zai ɗauke su, ya san yaro zai hau. Hannunsa ya kai kan filen da kansa, sai ya hangi Saminu yana kallonsa daga teburin mai shayi. Idan ya tsaya kashe su a irin wannan lokaci, Saminu zai tambayi dalili, kuma a ƙarshe wani zai gaya masa cewa mutumin nan bai taɓa sakin katako da rai ba. Daga nan ba shi kaɗai ba, har tsofaffin da suka ga hadari sun shiga uku. Ya mayar da filen cikin akwati ya rufe. Ya fita daga ƙarƙashin marken bai waiwaya ba, yana jin su a bayansa kamar ya bar yara a kasuwa.

Yanzu a Kaura Namoda yake, a wani lungu na kasuwar katako, ba nisa da inda rumfar Malam Bilyaminu take a da. Shi da Uwani suna ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwanta. Masu manyan shaguna suna da injin da ke mulmule bakin katako goma kafin shi ya gama ɗaya, don haka abin da ke zuwa masa ragowa ne, bencin mai shayi, teburin mai tsire. Yana yi yadda ya saba, sai dai in an tambaye shi cewa yake yi yana gyara baki. Uwani tana ajiye masa ruwa da yamma, ba ta tambayar komai. Ya rame, kuma ya koyi waiwaye kafin ya yi magana.

Wata takwas bai san ko Mahmuda ya gane ba, ko kuwa wani abin ne ya same shi a wannan daren ya hana shi zuwa. Masu zuwa daga Moriki sun ce rugar ta tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Wannan rashin sanin shi ya fi cin sa, ya fi gidan da ya rasa.

Ran wata kasuwa da rana tsaka, lungun cike da mutane, masu dako da masu saye har da wasu samari biyu da bindiga a kafaɗa suna jiran a haɗa musu benci, sabuwar wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce, doguwa, irin ta hayin iyaka. Ya kara a kunne.

"Jam na, Kahinta?" Muryar ta tsufa, amma ita ce. "Da ƙyar nis samu lambarka. Na ji ka ran nan. Mun tashi tun kahin asuba. Mu tara, dut muna da rai, har da jinjiri. Sunanka munka sa mai."

Armiya'u ya ƙanƙame wayar. Maganar shekara talatin ta taso ta cika masa baki. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Ɗaya daga cikin samarin yana kallonsa, wataƙila bencinsa kawai yake jira.

"Malam," ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "ka yi kuskuren lamba."

Ya katse, ya sa wayar a aljihu. Ya ɗauki filen ya sunkuya a kan katakon samarin, ya yi ta bin gefen a hankali, hawaye suna ɗiga a kan itacen yana share su da babban yatsa don kada su bar tabo.